Fushin da Ba na Malam Ba

Ranar Talatar da ta wuce ina cikin bas da yamma, mun ratso Moss Side ana ɗan yayyafi, sai wasu 'yan mata biyu 'yan sakandare suka shigo suka zauna a bayana. Ɗayar tana ba 'yar'uwarta labarin yadda ta fasa gilashin sabuwar wayarta. Ta ce, "Me dad proper hit the roof," suka sheƙe da dariya. Ban waiwaya ba, amma daga nan har na sauka ban ƙara fahimtar abin da kowa yake faɗa ba. Wanda ya fara koya min wannan magana kakana ne, mahaifin Abbanmu, kuma a kansa na fara jin an faɗi irinta ba da wasa ba.

Malam muke ce masa, mu jikoki da 'ya'yan cikinsa da kowa ma, domin Turanci ya koyar shekara da shekaru a wata makarantar kwana ta maza a gida, har ya zama shugabanta kafin ya yi ritaya. Ya zo mana Manchester ina 'yar shekara tara, bayan rasuwar kakarmu. Da farko cewa aka yi watanni kaɗan zai yi, a duba masa ido da hawan jini, ya ɗan huta da zaman gidan da ya yi masa girma. Watannin suka yi ta ƙaruwa, Abba ya bi ya gyara masa takardun zama. A lokacin abin bai yi tsanani kamar yanzu ba.

Muna zaune ne a Whalley Range, a can saman wani ƙaton tsohon gida da aka yayyanka shi flat-flat. In ka taɓa shiga irin gidajen nan ka san warinsu: kafet ɗin matakala da bai taɓa bushewa sosai ba, da girkin maƙwabta kala-kala da ke haɗuwa a bakin ƙofa. Abba likita ne, amma ƙaramin likita a lokacin, wanda yakan fita ban tashi ba. Umma tana gida da ƙanina da bai fara tafiya ba. Aka ba Malam ɗakina, ni aka shimfiɗa min katifa a ɗan ƙaramin ɗakin da muke ajiye akwatuna. Ban ji haushi ba ko kaɗan. Tun ranar da ya zo gidan ya koma ƙamshin kanumfari, saboda ba ya shan shayi sai da shi.

Shi ya karɓi aikin ɗauko ni daga makaranta. Dogo ne siriri, yakan ɗora baƙar kwat ɗin Abba a kan kaftaninsa, hannun kwat ɗin bai kai masa wuyan hannu ba, ga hular zanna a ka ko da dusar ƙanƙara ake yi. Tun daga nesa nake hango shi, ya fi duk iyayen da ke bakin get tsawo. Yana ganina sai ya ce, "Amarya, an taso?" Ni kuma in ce ba na auren tsoho mai gilashi biyu, don yana da na karatu yana da na tafiya. Sai ya karɓi jakata ya ce zan zo ne in same shi in samarin zamani suka gudu.

Ranakun Lahadi tsofaffin ɗalibansa kan zo gaishe shi, likitoci da injiniyoyi da furfura ta fara fito musu, wasu tun daga Leeds ko Birmingham. Sai ka ga babban mutum ya cire takalmi ya durƙusa a kafet ɗinmu. Labari ɗaya duk suke bayarwa: ba wanda ya taɓa ganin bulala a hannunsa, ba wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya. In yaro ya yi laifi sai ya kira shi ofis ya zaunar da shi a kujera, ya ci gaba da duba takardunsa bai ce masa uffan ba, har yaron ya fara kuka don kansa. Wani daga cikinsu ya ce su a lokacin gara a zane su da a yi musu wannan zama. Malam yana ji, murmushi kawai yake yi, ya ce sun ƙara gishiri.

Abin mamaki, mutumin da ba ya fushi ba abin da yake so a Turanci kamar maganganun fushi. Yakan ce ana cewa Bature mai sanyin hali ne, to me ya sa ya tara wa fushi sunaye haka? A hanyarmu ta dawowa muna ratsa filin shaƙatawar da ke kusa da gida, ganyaye sun zube sun jiƙe suna manne mana a takalmi, sai ya ɗauko magana ɗaya ya warware min ita. Ya ce "fly off the handle" daga gatari aka samo ta: mutum yana sara, kan gatarin ya ƙwace daga ƙota ya tafi inda ba a aike shi ba, wanda ke kusa shi ke shan wahala. "Hit the roof" kuwa, ya ce in yi tunanin wanda fushi ya ɗaga sama har ya gwara kansa da azara. "See red" ta fi ba shi dariya. Mu a wurinmu idon mai fushi ne yake yin ja mutane su gani, su kuwa mai fushin ne yake ganin duniya ta yi ja.

Wadda ya fi daɗewa a kanta ita ce "lose your temper". Ya ce Bature yana ɗaukar haƙuri tamkar mabuɗi a aljihu, wanda zai iya zamewa ya faɗi ba ka sani ba. Bahaushe kuwa cewa yake an hau dokin zuciya, wato da ƙafarka ka je ka taka likkafa ka hau. Ya ce shi ya fi yarda da ta Bahaushe, domin ita ce take barin laifin a wuyan mai shi.

Ni ma na fara kawo masa tsaraba daga makaranta, irin waɗanda ba sa cikin littattafan da ya koyar. Na kawo masa "kick off", na kawo masa "throw a wobbly". Ranar da na kawo "lose your rag" sai da ya tsaya cak a kan hanya ya tambaye ni wane tsumman ne kuma ya ɓace. Yakan sa in maimaita da irin lafazin 'yan ajinmu, shi ma ya gwada, Umma tana kicin tana dariya har ta ajiye ludayi. Ya ce ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da yaren Sarauniya, ga shi ya zo ƙasarta ya tarar ba mai yin irin nasa.

A hunturu na biyu, wata safiya ya ɗauki kofin shayi ya suɓuce masa, ya sake ɗauka ya sake suɓucewa. Bakinsa ya ɗan karkace. Abba ya ce stroke ne, amma ƙarami, wata 'yar hanyar jini ce ta toshe a ƙwaƙwalwa. Ya yi kwanaki a asibiti ya dawo yana ɗan jan ƙafar dama, muka yi ta hamdala. Matakalar gidanmu ta gagare shi, don haka ɗauko ni daga makaranta ya ƙare. Ya koma zaman kujera a bakin taga, kusa da hitar ɗumama ɗaki, yana kallon motoci.

Turancin ne ya fara tafiya, kaɗan-kaɗan. Zai fara magana da GP, wato likitan unguwa, sai kalma ta maƙale, ya yi ta murza yatsunsa kamar mai neman bakin zare. Wata rana na kawo masa sabuwa, "blow a fuse", wadda na ji a bakin malamarmu. Ya dube ni ya ce in sake faɗa. Na maimaita, na yi masa bayani da fis ɗin lantarki, ya gyaɗa kai don kada in ji kunya, amma na ga ba ta shiga ba. Daga baya ya fara tambayar ina kakarmu ta shiga, har yanzu ba ta kawo masa ruwan alwala ba.

Da abin ya yi nauyi sai maganar wanka ta taso. Umma ba za ta yi wa surukinta wanka ba, Abba kuma ba ya nan da safe, don haka council, wato hukumar gari, suka ce za su riƙa turo mai taimako. Abba ya roƙi a turo namiji, aka ce za a duba, ba su da maza da yawa. Wadda aka turo mace ce mai fara'a, wadda ke kiran kowa love. Ranar ana hutu, ina gida. Ta shiga da shi banɗaki tana ta hira, sai muka ji wata murya da ban taɓa ji ba. Ta Malam ce, amma kamar an aro ta daga ƙirjin wani. Yana cewa ta fita, ta fita, wace marar kunya ce wannan. Buta ta daki ƙofa.

Matar ta fito rigarta a jiƙe, tana haki. Umma ta yi makaranta, tana jin Turanci, amma na 'yan Manchester in suna sauri yakan wuce ta, don haka ni ce tafinta. Matar ta ce, "He just flew off the handle, love. I never touched him." Umma ta juyo ta tambaye ni me ta ce. Na san amsar sarai. Na san gatarin, na san ƙotar, na san a gindin bishiyar da aka koya min. Na ce, "Ta ce Malam ya yi fushi." Ta bayan ƙofar banɗakin muna jin shi yana kuka a hankali, yana kiran sunan kakarmu.

Da Abba ya dawo ya zaunar da ni. Ya taɓa goshina da yatsa ya ce a nan gaba akwai wurin da yake riƙe mutum, shi ke cewa dakata kafin baki ya buɗe ko hannu ya tashi. Ƙananan jijiyoyin da ke kai wa wurin jini ne suke toshewa ɗaya bayan ɗaya a kan Malam. Na tambaye shi ko akwai magani, tun da shi likita ne. Ya ce akwai na rage gudun abin, babu na mayar da abin da ya tafi. Na daɗe ina tunanin dokin zuciya a ranar. Malam bai taka likkafar kowa ba. Abin zamewa ya yi daga aljihunsa, kamar yadda Bature ya faɗa, kuma ba mai iya tsinto masa.

Muka shiga wani irin zama na tafiya da sanɗa a cikin gidanmu. Masu taimakon suna canzawa, kowace da abin da za ta ce in za ta fita: yau "he's kicked off again", gobe "he blew his top". Ba da mugunta suke faɗa ba, wasu ma da dariya suke yi don su sauƙaƙa mana. Abin da ya dame ni shi ne maganganun nan duk masu ban dariya ne, an yi su ne don mutumin da zai huce anjima ya zo ya ba da haƙuri. Tsofaffin ɗalibansa suka rage zuwa. Ɗaya ya zo, Malam ya kore shi ya ce ɓarawo ne, bawan Allah ya sauka matakala yana share ido. Maƙwabcin da ke ƙasanmu ya fara buga silin ɗinsa da sanda in ihu ya yi yawa. Amma akwai ranaku masu daɗi, da zai kira ni amarya ya ba ni gilashinsa in goge masa, ya ce na fi kowa iya gogewa.

Wata yamma da sanyi ya fara sauƙi na kai masa shayi. Ban san me ya gani ba. Wataƙila hasken taga ne ya faɗo a fuskata, wataƙila kayan makarantar da ke jikina ne. Ya ce wa ya ba ni izinin shiga ofishinsa, kafin in buɗe baki kofin ya taso. A girar hagu ya same ni. Allah Ya taimaka shayin ya huce, amma bakin kofin ya tsaga fatar, jini ya rufe min ido. Da ya ga jinin sai ya ruɗe, ya cire hularsa yana danna min a goshi, yana cewa, "Wa ya yi miki haka? Faɗa min sunansa. Wane aji yake?"

An yi min ɗinki. Malamar ajinmu ta gani ta tambaya, na faɗa mata gaskiya duka, har da bayanin jijiyoyi kamar yadda Abba ya yi min, don a ganina in ta fahimci cuta ce magana ta ƙare. Ta saurare ni da kyau, ta rungume ni, sannan ta yi abin da aikinta ya ce ta yi. Social worker ta zo gida, wato ma'aikaciyar da ke bin lafiyar yara a gidajensu. Mai ladabi ce, ta cire takalmi, ta sha shayin Umma. Ta tambaye ni ko Grandad yakan yi losing his temper sau da yawa. Na ce mata bai taɓa dukan yaro ba a rayuwarsa, ta je ta tambayi duk wanda take so. Ta dubi ɗinkin da ke girata, ta dubi ƙanina da ke tatata yana riƙe da ƙafar kujerar Malam.

Ba ta ce a fitar da shi ba. Cewa ta yi ba zai yiwu a bar shi da ƙananan yara a ɗaki ɗaya ba babba a tsakani, kuma za ta dawo. A flat irin namu wannan daidai yake da fitarwa. Abba da Gwaggo, yayarsa da ke Birmingham, suka yi ta waya. Ita 'ya'yanta sun girma sun tafi jami'a, gidanta kuma yana da ɗaki a ƙasa da ɗan lambu a baya. Na yi kuka na yi roƙo, na ce zan riƙa sa hular keke in zan kai masa shayi. Umma ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ba wanda ya yi min gardama, kuma ba abin da ya canza.

Ranar Asabar muka kai shi. Abba da wani maƙwabci suka sauko da shi a kan kujera, yana ta sa musu albarka. A babbar hanya ya yi ta kallon gonaki da tumaki yana cewa damina ta yi kyau bana, ya tambayi Abba ko mun wuce Kwanar Ɗangora. Abba ya ce saura kaɗan. Da muka isa Gwaggo ta fito ta durƙusa, ya gane ta, ya kira ta da sunan da yake kiranta tun tana yarinya, muka yi ta murna. Da za mu tafi sai ya miƙe ya ɗauki sandarsa zai bi mu. Mijin Gwaggo ya ja shi lambu yana nuna masa tumatir, mu kuma muka sulale.

Gwaggo akanta ce, tana aiki, mijinta ma haka, don haka aka samar wa Malam gurbi a day centre, inda ake kai tsofaffi su wuni a dawo da su da yamma. Ba a daɗe ba aka fara kiranta a wurin aiki. Kullum da tsakar rana, in ji su, "he goes ballistic": ya tashi ya nufi ƙofa, ya tarar a kulle, ya yi ta dukanta da sanda yana ihu da yaren da ba mai ji. Da aka yi mana hutun half-term na tsakiyar zango aka kai ni Birmingham, Gwaggo ta ɗauki hutun rana ɗaya muka je muka wuni da shi.

Wurin yana da tsafta, yana warin dafaffen kabeji da maganin goge ƙasa. Malam yana zaune lafiya lau, har ya yarda na yanke masa farce. Sai wata ma'aikaciya ta ɗauko 'yar ƙararrawar hannu ta kaɗa, alamar abinci ya sauka. Malam ya miƙe tsam, ya gyara hula, ya laluba aljihu yana neman alli. Ya ce mana an buga, 'yan aji biyar suna jiransa, ga jarrabawa ta ƙarato. Da ƙofar ta ƙi buɗewa sai ya fara: wa ya kulle shi, yara suna can ba malami, wa zai ɗauki alhakinsu in suka faɗi.

Muka yi wa shugabar wurin bayani, ta dafe ƙirji ta ce "aw, bless him", ta ɗauke ƙararrawar ta sa a durowa a gabanmu. Na koma Manchester ina ji kamar na warkar da shi. Bayan kwana kaɗan Gwaggo ta kira Abba. Yanzu tsakar rana tana yi sai ya dubi agogon bango, ya ga ba a buga ba, ya tashi yana neman yaron da aka ɗora wa buga ƙararrawa don ya ji dalili. Ihun yana nan yadda yake. Daga ƙarshe suka ce ba za su iya ci gaba da karɓarsa ba, sauran tsofaffin suna tsorata.

Saboda haka aka taru a falon Gwaggo wata Lahadi da rana, ana ruwa. Ina zaune a ƙasa kusa da kujerar Malam ina ɓare masa lemo. Zaɓi biyu ne, ba mai daɗi a ciki: ko a kai shi gidan kula da tsofaffi inda akwai ma'aikata dare da rana, ko a mayar da shi gida. Likitansa ya riga ya ce da wuya zuciyarsa ta ɗauki doguwar tafiyar jirgi, kuma ba wanda ya san abin da zai yi a sama in ya ga ƙofa a kulle. Aka kira Baffa, babban yayansu da ke Kano, aka sa wayar a sifika a kan tebur.

Baffa ya yi magana mai tsawo. Ya ce shi bai taɓa jin inda aka kai uba gidan ajiye tsofaffi 'ya'yansa suna raye ba. Ya ce lafiya lau Malam ya bar gida, da hankalinsa da mutuncinsa, sanyi da kaɗaici ne suka mayar da shi haka. Ya ce mutane suna tambayarsa a masallaci, me zai ce musu. Gwaggo tana hawaye tana roƙonsa ya saurara. Abba kansa a sunkuye yake. Halin Malam ya gado, ni ban taɓa jin ya yi wa ko direban da ya shiga gabansa tsawa ba. Sai Baffa ya ce wane amfani karatun likitan ya yi, in mutum ba zai iya riƙe mahaifinsa ba.

Abba ya miƙe. Ba zan iya kawo duk abin da ya faɗa ba, rabi Hausa rabi Turanci, muryarsa tana karyewa. Ya ce wa ke ɗaga Malam, wa ke wanke shi, wa ya riƙe 'yarsa ana yi mata ɗinki. Ya ce in ya isa, Baffa ya zo ya yi mako ɗaya tak, sannan ya yi maganar masallaci. Ya daki tebur da tafin hannu har wayar ta yi tsalle ta faɗi ƙasa, batirinta ya fita.

Sai muka ji Malam ya yi gyaran murya. Ya gyara zama, ya haɗa hannuwansa a kan sanda, ya dubi Abba ta saman gilashi. Da tsohuwar muryarsa mai sanyi, wadda muka daɗe ba mu ji ba, ya tambayi Gwaggo, "Wannan yaron mai ɗaga murya ɗan gidan wa ne? A aika a kira min mahaifinsa."

Ba wanda ya motsa. Abba ya tako a hankali ya durƙusa a gabansa, gwiwa biyu a ƙasa, ya ce, "A yi haƙuri, Malam. Ba zan sake ba."

Malam ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗora masa hannu a ka ya ce, "Ba komai. Da ganinka ɗan mutunci ne. Je ka aji."

Abba ya tashi ya fita lambu, ya tsaya cikin ruwan ba laima. Ina ganin bayansa ta gilashin ƙofa, kafaɗunsa suna rawa. Na yunƙura zan bi shi, Umma ta riƙe min hannu.

An kai Malam gidan tsofaffin, wani da ke kusa da Gwaggo. Baffa ya daɗe bai kira Abba ba. A can aka ƙara wa Malam wani magani da ya kwantar da shi. Duk Asabar muna zuwa, ma'aikatan su tarye mu da fara'a su ce "he's been good as gold", bai yi faɗa da kowa ba. Gaskiya suka faɗa. Yana zaune kansa a karkace, in na ce masa amarya ta zo sai ya ci gaba da kallon bango. Ban faɗa wa kowa ba, amma na yi kewar ihun. A cikin ihun nan akwai alli, akwai 'yan aji biyar, akwai mutumin da ke jin kunyar baƙuwar mace ta ga tsiraicinsa. Ya rasu kafin azumin da ya biyo, da hantsi, Gwaggo tana riƙe da hannunsa. A Birmingham aka binne shi, a ɓangaren Musulmi. Tsofaffin ɗalibansa suka cika wurin, har da wanda ya kora, kuma shi ya shiga kabarin tare da Abba.

Yanzu ina aiki a Salford, ina da yara biyu da ke jin Hausa amma da Turanci suke amsawa. Abubuwa sun canza. Hausawa sun yi yawa a garin nan, akwai 'yan'uwanmu maza da ke aikin kula da tsofaffi, da an sami ɗaya a lokacin da wataƙila an rage wani abu, ban sani ba. An fi sanin cutar yanzu, ana kiran sunanta a fili, har a gida ma an fara daina cewa asiri ne. Maganin mayar da abin da ya tafi dai har yau babu.

Abba ya yi ritaya, shi da Umma suna nan Manchester. Kwanakin baya na kai shi ganin GP saboda hawan jini. Da muka fito muka shiga mota sai ya ce in dakata, kada in tayar tukuna. Ya ce ya lura kalmomi sun fara yi masa wasan ɓuya, ƙanana, sunan wani magani, sunan wani titi. Ya ce mai yiwuwa tsufa ne kawai, ya san haka, kuma ya san mai yiwuwa irin abin da ya sami Malam ne. Sannan ya ce, yana kallon gaba, "In abin ya zo, ki shirya yaran tun da wuri. Ki gaya musu ba ni ba ne. Kuma in ya kai ga a kai ni wani wuri, ki kai ni, kada ki saurari kowa."

Na ce, "To, Abba." Muka ɗan zauna a haka har gilashin motar ya yi gumi, sannan ya ce mu tafi, Umma tana jiranmu da abinci.